Babban rumbun ajiya na kan tebur: abin da yake tsarewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Wani abokina mai ɗaukar hoto da bidiyon biki yana da ɗan shago. Kwamfuta biyu, fanka ɗaya, sai wani baƙin akwati mai siffar littafi da ke tsaye a gefen tebur. Shi ne abin da masu sana'a ke kira estanal, wato rumbun ajiya na waje, nasa mai cin terabayit 8 ne, wato gigabayit dubu takwas. Aikin shekara huɗu na ciki: kamu, ɗaurin aure, wuni, buɗar kai, suna, saukar karatu. Duk bikin da ya kammala sai ya kwashe shi daga kwamfuta ya zuba a akwatin, ya goge na kwamfutar don ya samu wuri. In ka tambaye shi ko yana da kwafin ko-ta-kwana, sai ya dafa akwatin ya ce, “Ga shi nan, komai na ciki.”

Ranar da abin ya faru ina zaune a shagon. Yaronsa ya miƙe zai ba wani kati, ƙafarsa ta ja wayar wuta, akwatin ya kife. Ko ƙasa bai kai ba, daga tsaye ne kawai ya koma kwance a kan teburin. Sai dai a lokacin yana tsakiyar aiki, ana tura masa bidiyon wani ɗaurin aure. Aka tayar da shi, aka sake jonawa, sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas. Ya yi shiru. Ya sake ƙas, ƙas. Yaron ya ce, “Maigida, wallahi ban ga wayar ba.” Maigidan bai tanka masa ba, yana ta zare kebul yana mayarwa, gumi na tsatstsafo masa a goshi. Akwai biki uku a ciki da ba a kai wa masu su ba tukuna.

Abin da abokina ya yi ta yi tsawon shekara huɗu, sauya wa kaya ɗaki ne. Fayil ɗin da yake wuri ɗaya a kwamfuta ya koma wuri ɗaya a akwati, har yanzu guda ɗaya ne tal. Mutane da yawa suna sayen babban rumbu da niyyar kariya, amma yadda suke amfani da shi ajiya ce zalla, kuma ba sa gane bambancin sai ranar da aka ji wannan ƙara. Girman rumbun ma yana ƙara nauyin asarar: filas ya mutu ka rasa takardu goma, terabayit 8 ya mutu ka rasa sana'a.

Don a gane dalilin da kifewa a kan tebur ta isa ta kashe shi, sai an leƙa cikinsa. A cikin akwatin robar akwai wani na ƙarfe, a cikinsa kuma faya-fayai ne masu sheƙi, an jera su a kan sanda ɗaya, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Kowace fuskar faifai tana da ɗan kan karatu a bakin wani siririn hannu da ke kai da kawo. Kan ba ya taɓa faifan. Iskar da juyawar ke tayarwa ce take ɗaga shi, yana shawagi a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin gashin mutum dubban nanomita ne, dubu hamsin ko fiye. In rumbun a kashe yake, hannun yana fake a gefe, don haka yakan jure ɗan bugu. In yana aiki aka girgiza shi, kan sai ya daki faifan ya kankare fatar maganaɗisun da bayanan ke kai, ɓurɓushin da ya tashi kuma ya ci gaba da yawo yana ƙara ɓarna. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan, hannun ne ke fita neman alamomin da zai gane inda yake, ya rasa, ya koma, ya sake fita. Kowace sake jonawa da abokina ya yi, sabon karce ne.

Wannan fasaha tsohuwa ce. A 1956 kamfanin IBM ya fitar da irinta ta farko, faya-fayai 50 masu faɗin inci 24, na'urar ta kai girman manyan firji biyu, abin da take ci kuma bai wuce megabayit 5 ba, wato hoto ɗaya na wayar yau. Tun daga nan ake ta matse bayanai a ƙaramin wuri, har aka kai ga cika wasu da iskar hiliyom a rufe su ruf, abin da aka fara sayarwa a 2013. Amma tushen aikin bai sauya ba, faifai ne mai juyawa da kai mai shawagi. Kamfanonin da ke ƙera su kuwa sun ragu zuwa uku: Seagate, Western Digital da Toshiba. Ko wane suna ka gani a jikin kwali, abin da ke ciki daga ɗayan ukun nan ya fito. Shi ya sa ban cika ba wa gardamar “wane kamfani ne ba ya lalacewa” muhimmanci ba. Kowanne na lalacewa.

Estanal iri biyu ne. Akwai ƙaramin aljihu mai faifan inci 2.5, wanda kebul ɗin USB kaɗai ya ishe shi wuta, yawanci ya tsaya a terabayit 5 ko 6. Akwai kuma babban na kan tebur mai faifan inci 3.5, wanda yau ake samun mai cin fiye da terabayit 20. Babban ya fi arha in aka raba kuɗin da yawan terabayit, ya fi sauri, kuma da yake ba a yawo da shi a jaka ya kamata ya fi daɗewa. Sai dai yana buƙatar tasa wutar daga bango, ta adafta mai bolt 12. A nan matsalarmu ta musamman take.

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka yakan manta cewa batirin kwamfutar ba ya ɗaukar nauyin rumbun. In aka ɗauke wuta kwamfuta za ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru, rumbun kuwa ya mutu nan take, a tsakiyar rubutu. Ba lallai ƙarfen ya lalace ba, domin an ƙera shi yadda hannun zai ruga ya fake. Abin da ke lalacewa shi ne jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Sai ka jona gobe, Windows ta ce maka ba za a iya amfani da wannan rumbu ba sai an yi masa fomatin, wato a share shi a sake tsara shi. Kada ka amsa mata. Yawancin lokaci bayanan na nan daram, jadawalin ne ya rikice, kuma akwai manhajojin da ke iya zaƙulo su. Maganin tun farko shi ne UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ko ƙarami ne, a jona adaftar rumbun a jikinsa. Mai inbata mai kyau ya huta da wannan. Mai janareta kuwa ya cire rumbun kafin a tayar da inji da kuma kafin a kashe shi, saboda a waɗannan daƙiƙu ne wuta ke hawa da sauka.

Akwai wata asara da ke ba ni takaici saboda sauƙin kauce mata. Bakin adaftar rumbu ya yi kama da bakin cajar kwamfutoci da yawa, ita kuwa cajar bolt 19 take bayarwa. A teburin da wayoyi suka cakuɗe, hannu ya kai ga wadda ta fi kusa, ta shiga ramin daidai, sai ɗan ƙauri ya tashi. Ka samu jan salatif ka naɗe bakin adaftar rumbun, ka manna wani a jikin akwatin. Aikin minti ɗaya ne.

Sai zafi. Takardar da ke zuwa da yawancin waɗannan akwatuna tana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu rana kan haura 40, balle a shagon kwano da ba rufi. Mafi yawan akwatunan ba su da fanka a ciki, 'yan ramuka ne sama da ƙasa da iska ke bi. Ga mu da ɗabi'ar lulluɓe kayan lantarki da ƙyalle saboda ƙura, wanda ya yi daidai in na'urar a kashe take, amma yana dafa ta in tana aiki. Ƙurar hunturu ba ta kai wa ga faifan, ramukan iskar take toshewa, don haka a riƙa kaɗe su. Babban kwafi kuma a bar shi sai dare ko da sassafe. Game da tsayuwa ko kwanciya, faifan bai damu ba, duk yadda aka ajiye shi zai yi aiki. Ni dai tun ranar shagon nan na fi son in ga akwati a kwance, can cikin tebur, wayarsa ta bi ta baya.

Wanda ya sayi terabayit 8 ya jona zai ga kwamfuta ta nuna masa 7.27, mai terabayit 4 ya ga 3.63, mai 1 ya ga gigabayit 931. Na sha ganin an koma wa mai kaya da faɗa a kan wannan. Ba cuta ba ce, lissafi ne iri biyu: masu ƙerawa suna ƙirga da dubu-dubu, Windows tana ƙirga da 1,024. Cutar gaske tana wani wurin. Akwai akwatunan jabu da ake tallatawa da terabayit 16 a farashin da ko na 1 bai kai ba. In ka fasa, ɗan katin ajiya ne aka manna da gam, wani lokacin har da guntun ƙarfe don ya yi nauyi, an yi masa dabarar da zai yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa. Zai karɓi duk abin da ka tura, sunayen fayil su fito tsaf, amma da ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho ko ya bi iska. Kallon kitse ake wa rogo har ranar da aka zo buɗewa. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika rumbu da bayanan gwaji ta sake karanta su, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. A kan babban rumbu gwajin zai ci kwana ɗaya ko fiye, kuma ya cancanci a yi shi kafin a zuba komai, domin yana tona asirin sabon rumbun da ya zo da ciwo daga masana'anta.

Na hannu kuwa, waɗanda ake kawowa daga waje bayan sun gama aiki a wasu kamfanoni, suna da amfaninsu ga mai shagon tura fina-finai, wanda in rumbu ya mutu zai sake tara kayansa daga abokan sana'a. Ga abin da ba shi da madadi, araha ba ta ado. Kowane rumbu yana riƙe da tarihin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna shi: awa nawa ya yi a kunne, zafinsa, da yawan gurbin da suka lalace aka sauya musu wuri. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka in ka ga 35,000 ka san ya yi shekara huɗu yana juyawa dare da rana. Masu ha'inci suna iya mayar da wannan lamba sifili, saboda haka ƙaramar lamba a jikin tsohon ƙarfe ba hujja ba ce.

Batun sauri ba ya buƙatar dogon bayani. Babban rumbu yana rubuta kusan megabayit 150 zuwa 200 a daƙiƙa in an jona shi a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. Terabayit 4 zai ɗauki kimanin awa bakwai da rabi. A tsohon ramin USB 2 kuwa, da ƙyar ake wuce megabayit 35, aikin ya koma awa talatin da wani abu. Dubban ƙananan hotuna sun fi babban bidiyo ɗaya jan lokaci. Kuma in ka ga kwafi ya fara da gudu, can sai ya koma tafiyar hawainiya, wataƙila rumbunka irin SMR ne, wanda ake ɗora layukan bayanai gefe kan gefe kamar jerin kwanon rufi. In za a taɓa layi ɗaya sai an sake shimfiɗa maƙwabtansa. Irin wannan ya dace da zuba-ka-ajiye, bai dace da mai tace bidiyo kai tsaye a kansa ba. Mai tacewa ya yi aikinsa a SSD, wani nau'in rumbu mai sauri wanda ba shi da abin da ke juyawa, ya mayar da babban rumbun ma'ajiya. SSD ɗin ya ninka tsada, kuma ba a so a jefa shi a durowa shekaru ba wuta.

Tun ranar farko za ka zaɓi tsarin fomatin. Mai Windows zalla ya tsaya a NTFS, domin yana rubuta abin da zai yi a wani ɗan kundi kafin ya yi, don haka ya fi farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta. Kwamfutar Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. exFAT yana aiki a duka biyun, sai dai ba shi da wancan kundi, ya fi saurin rikicewa a inda wuta ba ta da tabbas. Tsohon FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4, alhali bidiyon 4K na awa ɗaya a kyamarori da yawa yana cin kusan 45.

To, a ce ka kiyaye duk wannan. Wuta lafiya, iska lafiya, rumbu na asali. Har yanzu zai mutu wata rana. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai a dubban ɗaruruwan irin waɗannan faya-fayai, yana wallafa alƙalumansa tun 2013, kuma a yawancin shekaru tsakanin ɗaya zuwa biyu cikin kowane ɗari ne ke mutuwa a shekara. Wannan fa a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa, inda ba yaron da zai ja waya. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 a kan faya-fayai sama da dubu ɗari ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin mutuwar. Ma'ana, in manhaja ta nuna rawaya ko ja, kwashe kayanka yau. In ta nuna lafiya lau, ba alkawari ta yi maka ba.

Mutuwar ƙarfe ma ɗaya ce daga cikin hanyoyin asara. Akwai hannunka, da zai goge folda bisa kuskure ko ya ajiye sabon fayil a kan tsoho. Akwai bairos ɗin da ke ɓoye folda ya bar inuwarta, wanda duk mai kai filas shagon buga takardu ya san shi. Akwai mafi muninsa, mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017. Irin wannan ba ya tsayawa a kwamfuta, duk rumbun da ya tarar a jone sai ya kulle shi. Akwai ɓarawo, wanda ba zai ɗauki kwamfuta ya bar akwatin da ke gefenta ba. Akwai wuta da ruwa. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a Maris ɗin 2016, ko yadda ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, ya san kwafi biyu a ɗaki ɗaya hukuncinsu ɗaya.

Daga nan aka samo ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku na duk abin da ka damu da shi, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Manomi bai buƙaci a koya masa wannan ba. Ba ya zuba irin shukar baɗi a rumbun da ake ɗiba kullum, yakan ware shi ya adana a inda gara da ɓera da hannun yara ba sa kaiwa. Na san abin da mai karatu zai ce: kuɗin rumbu ɗaya ma da ƙyar aka haɗa. Gaskiya ne. Shi ya sa shawarata ga mai kuɗin terabayit 8 guda ɗaya ita ce ya ƙara kaɗan ya sayi mai 4 guda biyu. Zai ga kamar ya yi asarar rabin wuri. Amma mai 8 ɗin nan rumfa ce mai ƙafa ɗaya.

Kuma ba komai ne ya cancanci kwafi uku ba, nan ne lissafin ke sauƙi. Ka zauna ka raba kayanka gida biyu: abin da in ya ɓata za a sake samu, da abin da in ya tafi ya tafi. Fina-finai, waƙoƙi, manhajoji, duk suna wurin wani. Hotunan 'ya'yanka suna jarirai, muryar mahaifinka da ka naɗa kafin rasuwarsa, karatun malamin unguwarku da kai kaɗai ka ɗauka, kundin digirinka, littafin bashin shago, bikin mutane da aka ba ka amana, waɗannan ba sa wurin kowa. Mafi yawan mutane in suka yi wannan rabo za su tarar gida na biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na rumbun ba. Takardu da zaɓaɓɓun hotuna ma za su iya shiga gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta, su zama kwafin nesa. Tura terabayit huɗu ta intanet da kuɗin data ba abu ne mai yiwuwa ga yawancinmu ba, don haka ga manyan bidiyo, kwafin nesa shi ne rumbu na biyu da ke kwana a gida in na farko yana shago, ko a gidan ɗan'uwa a wata unguwa.

Yadda ake yin kwafin ma yana da tarko. Jan folda da hannu yana aiki na wata ɗaya ko biyu, daga nan sai a manta wanne aka kwafa, wanne ya sauya. Manhaja irin FreeFileSync tana kwatanta ɓangarorin biyu ta tura abin da ya sauya kaɗai. Amma in ka saita ta yadda rumbu na biyu zai zama madubin na farko, to duk abin da ka goge bisa kuskure a nan, za ta goge shi a can, fayil ɗin da ya lalace kuma ya hau kan mai lafiya. Ka kunna zaɓin da ke ajiye tsofaffin fayiloli a wata folda maimakon shafe su. File History na Windows da Time Machine na Mac suna yin haka da kansu, suna riƙe fayil yadda yake jiya da yadda yake makon jiya. Akwatunan nan masu rumbu biyu a ciki da ke rubuta abu ɗaya a lokaci guda suna kare ka daga mutuwar rumbu ɗaya ne kawai. Kuskuren hannu, bairos, ɓarawo da gobara duk suna cin biyun tare.

In an gama kwafi, a sallami rumbun ta hanyar da kwamfuta ta tanada, a jira ya daina juyawa, a zare kebul, a zare wuta. Rumbun ko-ta-kwana da ke jone dare da rana yana cikin haɗari ɗaya da kwamfutar da yake karewa, har da tsawar damina da ke biyo wayar lantarki. Sannan lokaci-lokaci, ko sau ɗaya a wata biyu, a buɗe wasu fayiloli daga cikinsa, tsofaffi da sababbi, a ga hoton ya fito, bidiyon ya yi wasa har ƙarshe. Na taɓa ganin wanda ya yi shekara yana kwafar inuwar folda, ɗan alamar da ke kan fuskar kwamfuta, yana zaton kayan ne. Rumbun da ya haura shekara huɗu ko biyar kuma a sauke shi daga matsayin abin dogaro, a sayi sabo, tsohon ya zama kwafi na uku.

Akwai wani ɓangare da masu ɗaukar biki ba sa son a taɓo, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi. Rumbun nan cike yake da matan mutane a wurin kamu da lalle, cikin shigar da suka yi don 'yan'uwansu mata. In aka sace shi ko aka kai gyara, duk wanda ya jona zai ga komai. Mun ga yadda hoto ɗaya da ya fita ke kashe aure. BitLocker na Windows ko VeraCrypt, wadda kyauta ce, suna kulle rumbu gaba ɗaya da kalmar sirri. Sharaɗin shi ne, in kalmar ta ɓata ba mai buɗe maka, don haka a rubuta ta a takarda a ajiye tare da takardun gida. A kuma sani cewa wasu akwatunan suna kulle bayanai da kansu ta ɗan allon lantarkin da ke cikinsu, ko ba ka sa kalmar sirri ba. A irin waɗannan, in allon ya ƙone, ciro faifan a jona shi a wata kwamfuta ba zai nuna komai ba sai a hannun ƙwararre.

In ranar ta zo, abu na farko shi ne a saurara. Rumbun da bai motsa ba sam, sau da yawa adafta ce ko kebul ko allon akwatin, faifan na ciki lafiyarsa ƙalau, a gwada wata adaftar mai bolt 12 daidai. Wanda ke juyawa lafiya amma fayiloli sun ɓace ko yana neman fomatin, a daina rubuta komai a kansa, a nemo su da PhotoRec ko makamanciyarta, a zuba abin da aka samu a wani rumbun dabam. Wanda ke ƙas-ƙas ko ƙugi kuwa, a kashe shi nan take. Kada a sa shi a firji, kada a bubbuga shi, kada a bari mai gyaran waya ya kwance murfin ƙarfen “ya duba”. Ana buɗe faifai ne a wurin da aka tace iskarsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da kan ke shawagi a kai girma nesa ba kusa ba. Masu wannan aiki kaɗan ne, kuɗinsu yakan ninka kuɗin sabon rumbu, kuma ba sa ba da tabbaci.

Abokina bai kashe nasa nan take ba, ya yi ta jonawa har magariba. Da aka kai wa masu aikin daga baya, suka ce faya-fayan sun karce. Biki biyu daga cikin ukun Allah ya taimake shi, katunan kyamarar ba a riga an goge su ba. Na ukun an riga an ɗauki wani suna a kan katinsa. Ya sa babbar riga, ya ɗauki wani dattijon unguwarsu, suka je gidan uban amarya. Ya ce da ya gama bayani, Alhajin ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, “Malam, kuɗin ba komai ba ne. Kakarta ce a hoton, kuma ta rasu bayan bikin da kwana tara.” Suka bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya suna roƙon abin da kowa ya ɗauka da waya, aka haɗa ɗan abin da ya samu.

Yanzu akwatuna biyu gare shi, masu terabayit 4, kowanne da jan salatif a wayarsa. Ɗaya na kwance a shago a jikin UPS. Ɗayan yana zuwa ranar Alhamis da yamma a cikin jaka, an naɗe shi da tawul, a yi kwafi, ya koma gida cikin durowar kaya. Katin kyamara kuma ba ya goge shi sai ya ga bikin ya buɗe a duka biyun.